Jirage Masu Farar Wutsiya



Da editan wannan mujalla tamu ya aiko mini da saƙo cewa in rubuto wani abu a kan tarihi, na san abin da yake tsammani shi ne tarihin kafuwar makarantarmu, ko kuwa na ɗaya daga cikin shugabanninta na farko. To, sai dai ya yi mini haƙuri. Abin da na zo da shi labari ne na wani ɗan jirgin sama na roba, wanda faɗinsa bai fi taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba, wanda kuma na shafe wata huɗu ina haɗawa a kan teburin falo bayan na taso daga ofis. Na san a cikin 'yan ajinmu akwai waɗanda za su ce ga magidanci mai 'ya'ya biyu, ma'aikacin gwamnati, ya koma wasan yara. Uwargidana ma ta riga su faɗa. Amma wanda ya daure ya bi ni zai ga cewa tarihin dai na kawo, kuma tarihi ne da ya ratsa ta saman gidajen kakanninmu, alhali ba a koya mana shi a aji ba.

Bari in fara da laifina.

Kakana na wajen uba, wanda muke kira Baba Tsoho, mutumin wani ƙauye ne da ke arewa da birnin Kano. Yana da wani labari da yake yawan bayarwa in an zauna hira a zaure. Yakan ce a zamanin yaƙin Hitila, yana saurayi, dagaci ya tura su aiki filin jirgin sama, inda suka yi ta sassabe, da fasa marmara, da daɓe, da ɗaukar garewanin fetur a ka. Yakan ce jiragen ayari-ayari suke zuwa daga kudu, babba ɗaya mai inji biyu a gaba, ƙanana biyar ko shida suna biye da shi kamar 'yan tsaki, su kwana ɗaya, da asuba su tashi su nufi gabas, kuma ba a sake ganinsu. Abin da ya fi nanatawa shi ne wai an shafe musu wutsiya da gadon baya da wani abu fari kamar farar ƙasa.

A shekarar da muke aji biyar muka karanta Yaƙin Duniya na Biyu, kuma waɗanda muka yi ƙungiyar tarihi tare za su tuna cewa ni na ci kyautar rubutu a kan wannan yaƙi. Da na je hutu kaina ya kumbura. Baba Tsoho ya ɗauko labarinsa a gaban abokansa, ni kuwa na katse shi. Na ce, "Baba Tsoho, yaƙin nan a Turai aka yi shi, namu kuwa Bama aka kai su. Kuma shi jirgin yaƙi ɓoye shi ake yi don kada abokan gaba su gan shi, wane ne zai shafa masa fari?" Tsofaffin suka yi dariya. Shi kuwa ya dube ni ya ce, "To, ɗan boko, ai kai littafi ka gani. Ni jirgi kawai na gani." Daga ranar ban sake jin ya ba da labarin nan a gabana ba, har Allah ya yi masa rasuwa a 2008. Allah ya jiƙansa.

Shekara goma sha biyar bayan haka, a ƙarshen daminar 2023, na shiga wajen 'yan gwanjo ina nema wa ɗana abin wasa, sai na ga wani kwali da ya sha jiki, amma ledar da ke ciki ba a taɓa buɗe ta ba. A bayan kwalin an zana wani jirgi mai farfela ɗaya, kore da ruwan ƙasa, yana bin wani jirgin Jamus a saman gonakin Ingila. An rubuta Hawker Hurricane, da 1940, da kuma 1:48. Mai kayan ya ce mini ya gaji da shi, don duk wanda ya buɗe ya ga guntayen roba maimakon jirgi sai ya ajiye. Na saya da arha. Da na isa gida na ga guntayen sun haura ɗari, na san wannan ya fi ƙarfin yaro ɗan shekara shida, sai na ce bari uban ya gwada.

Ma'anar 1:48 ita ce kowane inci ɗaya a jikin samfurin yana madadin inci 48 a jikin jirgi na gaske. Faɗin fikafikan Hurricane ƙafa 40 ne, saboda haka samfurin ya tashi a inci 10 cif. Kayan aikina kuwa ba su da yawa: reza, da samfefa mai laushi, da hantsaki, da 'yan burushi uku na masu zane, sai fitilar caji saboda in an ɗauke wuta.

Aikin daga ciki yake farawa, wato daga mazaunin matuƙi, kuma tun nan na fara koyon abin da ban sani ba. Abin da takardar umurni ta sa na fara haɗawa wani tsarin sanduna ne masu gilma juna kamar ƙwarangwal ɗin rumfa. Ashe haka aka gina jirgin na gaske. Sydney Camm, injiniyan kamfanin Hawker da ya tsara shi, ya yi masa ƙashi na bututun ƙarfe, aka ɗora 'yan katakai a kai don su fitar da siffa, sa'an nan aka lulluɓe rabin jikinsa na baya da ƙyalle, aka shafe da wani mai da ke sa ƙyallen ya ɗame. Jirgin yaƙi mai gudun fiye da mil 300 a sa'a, amma rabinsa ƙyalle! In mutum ya shafa samfurin da yatsa zai ji layukan katakan nan a ƙarƙashin fata. Ya fara tashi ranar 6 ga Nuwamba, 1935, ya shiga hannun sojojin saman Ingila a ƙarshen 1937, kuma kafin a daina ƙera shi a 1944 an yi fiye da guda 14,000. Injinsa Merlin ne na kamfanin Rolls-Royce, ƙirar farko kuma tana ɗauke da bindigogi takwas, huɗu a kowane fiffike. A yaƙin sama da aka gwabza a kan Ingila daga Yuli zuwa Oktoba na 1940, Hurricane ya fi Spitfire yawa, ya kuma fi shi kakkaɓo jiragen Jamus, amma Spitfire ne ya tafi da suna saboda kyan ƙira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan tsohuwar ƙira tana da amfaninta. Harsashi kan huda ƙyalle ya wuce, a zo a yi masa faci kamar riga. Ana iya kwance jirgin a sa a akwati, a sake haɗa shi a wurin da babu masana'anta. Ƙafafunsa kuma a buɗe suke, nesa da juna, don haka yana iya sauka a filin da bai daidaita ba. Mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa uku, za su yi mana amfani a gaba.

Ban tsira daga kuskuren sabon shiga ba. Gam ɗin da na samu irin mai kamawa nan take ne, na kuwa lafta shi a gindin gilashin mazaunin matuƙi. Da gari ya waye na tarar tururinsa ya sa gilashin ya yi fari fat kamar idon da ya yi yana. Dare uku na yi ina goge shi da man goge baki da auduga kafin ya washe. Daga baya na gane cewa farin gam ɗin kafintoci shi ya dace da wannan wuri, don ba ya tururi, in ya bushe kuma ba a ganinsa.

Da jiki ya haɗu aka zo maganar fenti, sai na shiga intanet ina neman tsofaffin hotuna don in ga ainihin launin. Ina cikin duba hotunan gidan tarihin yaƙi na Landan sai na ci karo da jerin Hurricane a wani fili, ga itatuwa irin namu a baya, ga baƙaƙen mutane suna tura jirgi. A ƙarƙashi an rubuta Takoradi. Na ci gaba da bi, sai ga sunan Kano, sai ga Maiduguri. Can kuma sai ga abin da ya sa na ajiye wayar na yi tagumi: wasu daga cikin jiragen an shafe musu bayan mazaunin matuƙi da saman wutsiya da farin fenti. Uwargida ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya, Baba Tsoho na tuna.

Ga yadda abin ya kasance. A watan Yuni na 1940 abubuwa biyu suka auku cikin mako biyu. Ranar 10 ga wata Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, ranar 22 kuma Faransa ta sa hannu a kan yarjejeniyar ajiye makamai. Ingila tana da sojoji a Masar suna tsaron mashigin Suwez, ga Italiya a Libiya ta yamma da su, ga ta kuma a Habasha. Bahar Rum, wadda ita ce gajeriyar hanya, ta zama tarko ga jiragen ruwa. In kuwa aka ce a zagaya ta ƙarshen kudancin Afirka a ɓullo ta Bahar Maliya, tafiyar fiye da wata biyu ce, kuma yaƙi ba ya jira. Sai aka tuna da wata tsohuwar hanya.

Tun a shekarar 1925 jiragen sojan Ingila guda uku, ƙirar DH.9A, suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira, suka ratso Sudan da Cadi suka sauka a Kano. Wanda ya jagorance su wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Hartum da Kano, daga baya ta kai har Ikko. Saboda haka akwai 'yan filaye a jere tun daga bakin teku har Kogin Nilu, ko da yake yawancinsu share-share ne kawai a daji. Abin da aka shirya shi ne a kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, inda akwai tashar jiragen ruwa mai zurfi tun 1928, a haɗa su a can, sa'an nan su tashi da kansu su ƙetare Afirka.

Akwai cikas guda ɗaya. Tsakanin Barno da Darfur ƙasar Cadi ce, ta Faransa, kuma yawancin ƙasashen da Faransa ke mulka sun bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus. Maƙwabtanmu na Damagaram da sauran Nijar a ƙarƙashin Vichy suka zauna har Nuwamba 1942. Amma gwamnan Cadi, Felix Eboue, baƙar fata haifaffen Giyana ta Faransa a Kudancin Amurka, ya fito ranar 26 ga Agusta, 1940, ya ce shi yana tare da Janar Digol. Wannan magana tasa ita ta buɗe ƙofa. Ina ganin da a ce masu tsara manhajarmu sun so su nuna mana baƙar fatar da shawararsa ta yi tasiri a wannan yaƙi, da ba su rasa ba.

A watan Yuli wani hafsa mai suna Thorold ya isa Takoradi da 'yan share fage. A farkon Satumba akwatunan farko suka iso, kuma kafin watan ya ƙare ayarin farko ya tashi: Blenheim ɗaya mai inji biyu a gaba, Hurricane shida a baya. Kaza da 'yan tsakinta, kamar yadda Baba Tsoho ya faɗa. Dalili kuwa shi ne Hurricane mutum ɗaya yake ɗauka, ba shi da mai duba taswira, shi kuwa Blenheim yana da mai nuna hanya da mai aikin rediyo. Duk inda babban ya bi nan ƙanana za su bi, in ya ɓata kuwa sun ɓata tare. A watan Nuwamba ma jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama, HMS Furious, ya kawo wasu Hurricane da matuƙansu na Runduna ta 73, suka tashi daga kansa suka sauka Takoradi suka kama hanya.

Zangon farko Ikko ne. Kashegari sai doguwar tafiya ta sama da mil 500, a ƙetare kurmi da Kwara a sauka Kano a kwana. Daga nan Maiduguri, sai Fort Lamy, wato Njamena ta yau, sai Aljanaina da Alfashir a Darfur, sai Hartum, sa'an nan a bi Nilu a yi arewa ta Wadi Halfa har Masar. Jimilla sama da mil 3,600, cikin kwana shida in an yi sa'a. Duk wanda ya taɓa jin labarin alhazan ƙasa zai gane waɗannan sunaye, domin kuwa daga Kano zuwa Hartum ita ce hanyar da kakanninmu suka riƙa takawa da ƙafa da jakuna zuwa Makka, wasu su shekara biyar a kanta, wasu su zauna a Sudan har zuriyarsu na can yanzu. Abin baƙin ciki, Aljanaina da Alfashir ɗin nan su ne muka riƙa jin sunansu a labaran yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023.

Hanyar ba ta da daɗi. Da damina ga hadari mai tsawa, da hunturu ga hazo wanda ke rufe ƙasa har matuƙi ya kasa bambanta sama da ƙasa, a gabas kuma ga guguwar rairayi da ɗaruruwan mil babu alamar da za a kama. Jirage da dama sun faɗi, wasu mai ya ƙare musu suka sauka a daji. To, a nan ne farin fentin ya shigo. Jirgin da aka yi wa kore da ruwan ƙasa don ya saje da gonakin Ingila, in ya faɗi a kurmi ko a dajin Barno, masu nema daga sama ba za su gan shi ba. A wannan hanya hatsarin ɓata ya fi na abokan gaba, sai aka shafa musu fari don a hango su. Ke nan hujjar da na kafa wa Baba Tsoho, cewa jirgin yaƙi ɓoye shi ake yi, gaskiya ce a littafi, amma a saman Kano akasinta aka yi. Ba wai kuma abokan gaba sun manta da hanyar ba ne: a Janairu 1942 wani jirgin Jamus guda ɗaya ya taso daga kudancin Libiya ya jefa bama-bamai a filin Fort Lamy ya ƙone ma'ajiyar mai.

Daga wannan dare na yanke shawara cewa ba jirgin da ke bayan kwali zan yi ba, jirgin da kakana ya gani zan yi. Hakan ya jawo mini ƙarin aikin wata guda. Na farko, jiragen da aka tura ƙasashen ƙura an sa musu wani ƙaton matacin iska na kamfanin Vokes a ƙarƙashin hanci, wanda ya fito kamar maƙoƙo. Yana rage wa jirgi gudu, yana kuma ɓata masa kyau, amma in babu shi rairayi zai cinye injin. Babu shi a kwalina, sai na sassaƙa shi daga ragowar roba, na cike da gam mai haɗi biyu irin na makanikai, na yi ta gogawa da samfefa. Sau biyu ina jefarwa kafin na uku ya yi kama da na hoto. Na biyu, an rataya musu tankunan ƙarin mai guda biyu a ƙarƙashin fikafikai, don tankin jikinsu ba zai kai su wasu zanguna ba. Waɗannan da jikin tsofaffin biro masu kauri na yi su. Na uku kuwa ragi ne: manyan haruffan nan da ake rubutawa a gefen jirgi don nuna rundunarsa na bar su a kwali, domin jirgin da ke kan hanya bai riga ya samu gida ba tukuna.

Fenti ya fi komai ba ni wahala, don irin na masu wannan sana'a ban same shi a kasuwa ba. Na ɗauki jirgin a aljihun babbar riga na tafi wajen wani mai fentin mota da ke yi mini aiki. Ya juya shi ya ce, "Yallaɓai, bari mu gwada a kan ragowar tukuna." Ya ɗiga fentin mota a kan guntun roba, kafin mu gama gaisawa robar ta yi yaushi ta tattare. Da a jikin jirgin muka fara, da aikin wata biyu ya tafi. Sai muka koma ga fentin mai irin na ƙofa da taga, muka tsinka shi da ɗan kananzir, muka zuba hoda kaɗan don ta kashe ƙyalli, tun da jirgin yaƙi ba ya walƙiya. Ya dubi hoton da ke wayata ya ce, "Wannan koren naka sai an kashe shi da baƙi, a ɗan taɓa shi da ja." Ya haɗa mini launi uku a kwalaben magani: kore mai duhu, ruwan ƙasa mai duhu, da wani shuɗi-shuɗi mai haske kamar ƙwan agwagwa na ciki. Ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ce in dai na gama in kawo ya gani.

Na zaɓi waɗannan launuka ne saboda jiragen farko da fentinsu na Ingila suka ratso. Launin hamada, wato ruwan ƙasa da ruwan rairayi a sama da shuɗi a ciki, daga baya ya zama ruwan dare. Su kuma rabe-raben kore da ruwan ƙasa ba yadda mai fenti ya ga dama ake yinsu ba. Ma'aikatar jiragen sama ce ta fitar da zane, kuma a 1940 iri biyu ne, ɗaya kishiyar ɗaya kamar a madubi. A matsayina na ma'aikacin gwamnati na ji daɗin ganin cewa ko ɓad da kama sai da takardar umurni. Na zana iyakokin da fensir, na bi da burushi, shafa uku-uku masu ruwa, don shafa ɗaya mai kauri yana binne layukan ƙyalle da na faɗa ɗazu.

Lokacin hunturu ne, kuma fentin da aka tsinka da kananzir yakan kwana biyu bai bushe ba. Shafar farko da safe na tarar da ita kamar an barbaɗa mata gari. Daga nan kullum in na gama sai in kifa masa babbar robar wanki, in ja wa yara kunne. Ina cikin tsaki sai na tuna cewa wannan ƙurar dai ita ce ta sa aka yi wa jirgi na gaske maƙoƙo. Alamun ƙasa kuwa a takarda suke zuwa, a jiƙa a ruwan ɗumi su sulluɓo: na saman fiffike shuɗi da ja kawai, na gefen jiki kuma rawaya a waje, sai shuɗi, sai fari, sai ja a tsakiya. Ɗaya ta tsage saboda tsufa, na haɗa ta da bakin allura. Na ɗiga ja a bakin bindigogi takwas, a madadin 'yan ƙyallayen da ake liƙawa don kada ƙura ta shiga. Farin na bari a ƙarshe. Daren da na shafa shi ban bar kowa ya zauna kusa da ni ba.

Yanzu bari mu koma ƙasa, wurin da Baba Tsoho yake tsaye. Tsakanin Satumba 1940 da Oktoba 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya zuwa Masar: Hurricane, da Blenheim, da Tomahawk da Kittyhawk na Amurka, daga baya har da Spitfire. Matuƙan akwai Ingilishi, akwai 'yan Folan da Jamus ta cinye ƙasarsu, kuma daga 1941 kamfanin Pan American na Amurka ya shigo ya faɗaɗa filaye. Wanda ya karɓi yawancin jiragen nan ya yi yaƙi da su a hamada kuwa shi ne Coningham ɗin nan da ya sauka Kano a 1925, don daga 1941 shi ne kwamandan sojojin saman da suka fuskanci Romel, har zuwa yaƙin Alamen na Oktoba da Nuwamba 1942. Littattafan Turawa sun adana sunayen waɗannan duka. Amma kowane jirgi da ya sauka sai an shayar da shi mai, man kuwa sai an hau da shi daga bakin teku a jirgin ƙasa zuwa Kano, daga nan a motoci, can gabas wani wurin har da raƙuma. Sai an share fili, an fasa marmara, an daɓe, an sake daɓewa bayan kowace damina. Waɗanda suka yi wannan, in an ambace su ma, da kalma ɗaya ake gamawa da su: leburori. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero ne, kuma umurni daga Razdan yake sauka kan En'e, ya bi ta hakimi da dagaci har ya iso kan saurayi irin kakana, wanda ba a tambaye shi ra'ayinsa a kan Hitila ba. Shi ma yakan ce ya yi sa'a, don sa'o'insa da dama ɗiban gwamna ya kwashe su zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, wasu ba su dawo ba.

Bayan ƙarfi har da aljihu. An tara kuɗi a lardunan Nijeriya don sayen jiragen yaƙi, shi ya sa aka laƙaba wa Runduna ta 91 ta sojojin saman Ingila sunan Nijeriya, har akwai Spitfire ɗinta da aka rubuta wa sunan Lardin Oyo a jiki. Ba ina cewa Kano ce ta kori Romel ba, kuma ba ina yabon mulkin mallaka ba ne. Abin da nake cewa shi ne an koya mana wannan yaƙi kamar wasan da aka yi a wani gari muna 'yan kallo, alhali filin da a yau ake kira da sunan Malam Aminu Kano, inda da yawanmu muka raka iyaye za su tafi aikin Hajji, zango ne a cikinsa. Ni da na ci kyauta a kan wannan yaƙi ban san haka ba, wanda bai taɓa shiga aji ba ya sani.

Na yi wa jirgin akwatin gilashi, kuma na shaida wa shugaban ƙungiya cewa a taronmu na shekara zan miƙa shi ga ɗakin karatun makaranta tare da taswirar hanyar, in hukumar makaranta ta amince. Amma kafin nan sai da na kai shi ƙauye. Ƙanwar Baba Tsoho tana nan da rai, ta haura shekara casa'in, kuma tana yarinya takan bi yayyenta kai tallar fura wajen masu aikin filin. Na gaishe ta na ajiye akwatin a kan tabarma ban ce komai ba. Ta sa aka fitar da shi daga gilashin, ta kawo shi dab da idonta, ta juya shi ta baya, ta daɗe tana kallon wutsiyar.

Ta ce, "Angona, wa ya ba ka labarin waɗannan?"

Na ce, "Baba Tsoho ne, Kaka."

Ta ce, "Su ne kuwa. Sai dai naka ya cika tsabta. Nasu farin duk ya yi jirwaye, cikinsu kuma ja wur da ƙasa, ga baƙin hayaƙi a gefe."

Da na dawo gida na kankare ɗan jan bulo da reza, na haɗa da garin gawayi, na ɗauki busasshen burushi na bi cikin jirgin da ƙafafunsa da bayan bututun hayaƙi. Wutsiyar ma na dusashe ta.